Shida Bisa Ashirin

Shekarun baya da ɗan dama, lokacin ina sabon malami, gashin kaina bai fara zubewa ba, kuma ina ganin duk abin da aka buga a littafi haka yake a duniya, aka tura ni koyarwa wani ƙaramin kolej a arewacin Tawa. Ni mutumin Damagaram ne, ban taɓa taka wannan ƙasa ta Adar ba sai ranar da motar kasuwa ta sauke ni da katifata da kwalin littattafai. Na duba gabas duwatsu, na duba yamma duwatsu, na ce a raina to, an gama da ni. Faransanci nake koyarwa, aji huɗu, har da ƴan ajin ƙarshe masu shirin birebe, jarrabawar kammala kolej. Yaran suna kirana Mushe, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal, wato makarantar boko, a can, in na juya baya kuma su kwaikwayi Hausata, wai ina magana kamar mai karanta labaran rediyo.

Akwai darasi guda da nake ji da shi sosai a lokacin, darasin matsalar da yaro ke fuskanta a cikin labari. Yadda aka koya mini a makarantar horon malamai, haka na kwaso shi na kawo, ban rage ba ban ƙara ba. Sai in ja layi biyu a allo, ya zama gida uku. Gidan farko, wane ne yaron labarin. Gida na biyu, me yake so. Gida na uku, wa ya hana shi. Littattafan da muke karantawa kuwa duk sun ba ni gaskiya: yaro yana son boko uba ya ce sai gona, yaro yana son birni dattawa su ce al'ada ba ta yarda ba. Gida na uku kullum uba ne a ciki, ko kawu, ko tsofaffin gari. Na maimaita wa yaran nan har sun haddace, in na ce “labarin da ba mai hanawa”, su amsa gaba ɗaya, “ba labari ba ne!” Ni kuma in ji daɗi, in ce lallai ina aiki.

A cikin ƴan ajin ƙarshen akwai wani dogon saurayi da ke zama can baya. Ya ɗan girme wa sauran, ba ya da yawan magana, kuma da ƙafa yake zuwa kullum daga wani ƙauye da ke bayan tudu. Abokina malamin lissafi, wanda shi ɗan Adar ne, ya sha gaya mini cewa in mutum ɗaya zai ci birebe a ajin nan to shi ne. In ya zo karɓar alli nakan ga tafin hannunsa duk kanta, da wani baƙin layi da ya ratsa tsakiya. Na ɗauka aikin hauya ne, ban taɓa tambaya ba. Abin da kawai na sani game da gidansu shi ne yayyensa maza uku duk suna ci-rani, kuma wannan ba labari ba ne a Adar. Da an gama girbi sai ka ga gari ya koma na mata da tsofaffi, maza sun yi Abijan, sun yi Libiya.

Da rani ya kama sosai na ba su aikin gida. Na ce kowa ya ƙirƙiro labarin wani yaro ko yarinya da ke cikin matsala, shafi biyu. Takardu sun fi sittin. Da la'asar na zauna gindin bishiyar dogon-yaron da ke bayan aji, ga shayi ga jan biro, na fara duba su, kuma wallahi kafin in kai rabi na gaji. Duk labari ɗaya ne aka sauya masa riga. Mugun uba, mugun kawu, wani ma har ya sa uban ya ƙone littattafan ɗansa ya dafa shayi da su. Yaran sun gane abin da Mushe ke so, sun ba shi. Ni kuma ina ta rabon maki sha uku da sha huɗu bisa ashirin ina hamma.

Sai na zo kan takardar dogon saurayin nan. Wani yaro ne ya tashi da safe ya raka ubansa rijiya. An bayyana igiya, an bayyana jakin da ke janta, an bayyana yadda guga ke fitowa yana ɗigar ruwa. Uban ya miƙa hannu wajen da yake jin ɗigar ruwan. Sai ya ce wa yaron ya tafi lakwal kada ya makara. Uwar ma ta ce ya tafi. Yaron ya ɗauki jakarsa ya kama hanya, da ya hau tudu sai ya waiwaya. Shi ke nan. Na juya takardar ina neman sauran, babu. Faransancin ba laifi, kurakuran kaɗan ne, amma ni gida na uku nake nema, kuma wayam yake. Na rubuta da jan biro, da manyan baƙaƙe: ina mai hanawa? Na ba shi shida bisa ashirin, na ƙara shan shayina.

To, akwai wata ɗabi'a da muka gada daga malamanmu, kuma har gobe wasu na yin ta. Ranar mayar da takardu, malami yakan karanta wadda ta fi kyau da wadda ta fi muni a gaban aji, wai don a koya. Ba a faɗin suna, amma ai kowa ya san rubutun kowa, kuma ido yana nuna mai shi. Na karanta ta mai ƙona littattafai, aka tafa. Sannan na ɗauko ta rijiya, na karanta ta da wata murya ta iya shege, ina jan kalmomi kamar mai jan igiyar. Da na kai ƙarshe na ɗaga takardar na tambayi aji, to wa ya hana yaron nan, jakin ne? Aji ya kwashe da dariya har ƴan ajin kusa suna leƙowa. Ni ma na yi dariya, kada in yi muku ƙarya, har na ji ni wani gwani.

Shi bai yi dariya ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Ya ce, “Mushe, babu wanda ya hana shi.”

Na ce ai matsalar ke nan. Na ce ya je ya sake rubutawa, ya sa mai hanawa a ciki, ya kawo mini ranar Litinin, kuma sai ya kawo sabuwar zan ba shi tsohuwar. Na ninke takardar na sa cikin littafina.

Litinin bai zo ba. Mako ya wuce, na biyu ya bi. Sai direktan kolej ɗin ya kira ni ya ce ana haɗa sunayen ƴan birebe za a kai Tawa, kuma duk wanda bai zo ya cika takardunsa ba kafin ƙarshen mako mai zuwa, ba shi ba jarrabawa a bana. Saurayi mai shekarunsa kuwa in ya rasa bana, mun sani ba ya dawowa.

Nan take na san mai laifi. Uban ne mana, wa kuma? Ai na karanta shi a littafi ya fi sau goma. Har na fara ganin ashe abin da yaron ya kasa rubutawa ke nan saboda tsoro. Abokina malamin lissafi ya ce in bi a hankali, in fara tambayar ƴan ƙauyen da ke ajin tukuna. Na ce masa ku ƴan Adar haka kuke rufa wa junanku asiri. Ya dube ni, ya miƙo mini makullin babur ɗinsa. Kwana biyu ina shirya jawabin da zan yi wa tsohon, har da wurin da zan ɗaga murya da wurin da zan sassauta.

Asabar da safe na kama hanya. Hanyar duwatsu ce zalla, inda ba dutse kuma rairayi ne, sau ɗaya babur ya kayar da ni cikin busasshiyar ƙorama, na tashi na kakkaɓe wandona ina duba ko wani ya gani. Da na isa ƙauyen na tarar gidan ba kowa, wata maƙwabciya ta nuna mini kwari, ta ce suna rijiya.

Ban taɓa tsayawa na kalli rijiyar Adar da kyau ba sai ranar. Zurfinta ya wuce a ja da hannu. Jaki ake ɗaura wa igiya, mutum ɗaya ya kora shi ya yi ta tafiya har ka ga ya ƙanƙance, sannan guga ya iso sama. Mutum na biyu yana tsaye a bakin rijiyar, ƙafarsa bisa wani itace jiƙaƙƙe da igiya ta sassaƙe ta yi masa santsi. Shi zai yi kira a tsayar da jakin, ya ranƙwafa bisa ramin, ya cafko gugan cike da ruwa, ya juye a komin da dabbobi ke sha. Kowane gida da lokacinsa, in naka ya wuce dabbobinka sun kwana da ƙishirwa. Wata dattijuwa ce ke korar jakin, na gane uwar ce. Ɗalibina ne a bakin rijiyar, igiyar tana bi ta tsakiyar tafin hannunsa, daidai inda baƙin layin nan yake. Gefe guda bisa dutse wani tsoho yana zaune da sanda, idanunsa biyu sun yi fari fat.

Mai hankali da ya ga haka sai ya haɗiye jawabinsa. Ni kuwa na sha wahalar shirya nawa, ga faɗuwa da na yi a hanya, sai na ga ba zai tafi a banza ba. Na gaida tsohon a gurguje, na ce ni ne malamin ɗansa, na fara. Na yi maganar ilimi, na yi maganar gobe, na ce zamani ya sauya, na ce haƙƙin yaro ne kuma Allah zai tambaya. Tsohon ya karkata kai yana saurare har na ƙare, bai katse ni ba ko sau ɗaya.

Sai ya ce, “Mushe, ka gama? To don Allah juya ka hwaɗa mashi. Ni na gaji da hwaɗi.”

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona, sai na tsuguna. Tsohon ya ce shi shekara da shekaru ya yi yana dako a Abijan, ko lambar motar da zai shiga sai ya roƙi wani ya karanta masa, kuma tun ranar da aka haifi autan nan ya yi alkawari wannan kam sai ya yi karatu. Ya ce ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kira liman ya yi masa nasiha, har kwana biyu ya ƙi cin abincin gidan don yaron ya ji tsoro ya koma. Yaron ya ce a yi masa duk abin da za a yi masa, ba ya barin bakin rijiya. Tsohon ya buga sandarsa ƙasa ya ce shi bai ga abin da ya hana shi aikinsa ba, tun kafin a haifi yaron yake kama guga, hannunsa ya san wurinsa ko ba ido.

Duk wannan ɗalibina yana ji, yana ta kama gugansa. Sai da aka gama, dabbobi suka sha, uwar ta kama hannun tsohon suka yi gaba, sannan ya zo ya zauna kusa da ni yana naɗe igiya. A hankali ya gaya mini, ba tare da ya dube ni ba. Ya ce safiyar da ya rubuta a takardar nan ta faru da gaske. Da ya hau tudu ya waiwaya, sai ya hango tsohon ya miƙa hannu inda babu guga, ƙafarsa ta zame, ya faɗi da ƙirji bisa itacen, rabin jikinsa yana cikin ramin. Uwar tana can nesa tare da jaki ta ba da baya, ba ta gani ba. Tsohon ya ja jiki ya tashi, ya gyara rigarsa, ya ci gaba kamar ba abin da ya faru, kuma har ranar bai gaya wa kowa ba, bai kuma san an gan shi ba. Ya ce bayan haka ya yi mako uku yana zuwa lakwal, yana zaune a baya, ba ya jin komai da muke faɗa, kunnensa yana ƙofa yana jiran wanda zai zo kiransa. Da na ba da aikin gida sai ya rubuta, don ba shi da wanda zai gaya wa.

Ya ce, “Kunka ce in sa mai hanawa. Na zauna na diba gidanmu duka, Mushe, ban samu wanda zan sa ba.”

Ban san abin da na amsa ba. Na dai tuna na shiga kawo dabaru irin na wanda bai taɓa ɗaga guga ba. Na ce uwar ta tsaya bakin rijiya, tsohon ya kori jaki. Ya ce bayanta ba ya ɗaukar nauyin gugan. Na ce yayyensa fa? Ya ce an kira su, biyu sun ce sai damina, na ukun an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Na ce maƙwabta. Ya ce sun taimaka kwana ɗaya, kwana biyu, amma kowa da nasa dabbobin da nasa lokacin. Na ce a sayar da dabbobin mana, sai ya yi ɗan murmushi, ya ce rabi amanar yayyensa ce, sauran kuma su ne abincin gidan. Duk ƙofar da na taɓa, ya riga ni taɓa ta tun tuni. Na tambaye shi ko dariyar da na sa aka yi masa ce ta kore shi. Ya ce a'a, ko ba ita ba dama zai bari. Har yau ban san ko gaskiya ya gaya mini ko kunyata ya ji ba.

Na roƙi direkta ya jinkirta, ya ƙara mini kwana uku. Na koma ƙauyen sau biyu, na kai masa littattafai, na ce ko jarrabawar kaɗai ya zo ya zauna. Ya karɓa ya yi godiya. Sunaye suka tafi Tawa ba nasa.

Bayan shekara biyu aka mayar da ni cikin garin Tawa, kuma ina nan har yanzu, ina ta fama da alli. Wata shekara gab da Babbar Salla na shiga kasuwar dabbobi neman rago, rana ta dake ni, dillalai sun ishe ni, sai na ji an ce Mushe daga bayana. Wani dogon mutum ne da rawani da gemu, riƙe da raguna biyu. Sai da ya miƙo hannu na ga tafin sannan na gane shi. Muka gaisa, na tambayi gida. Ya ce uwar tana nan, yayyensa biyu sun dawo, ya yi aure har da ƴaƴa, babbar tana lakwal. Na tambayi tsohon. Ya ce ya rasu shekara huɗu bayan zuwana, ya ƙara da cewa bisa tabarmarsa ya cika, cikin ɗakinsa, suna kewaye da shi. Yadda ya faɗi maganar tabarmar nan, na gane ita ce takardar shaidar da ya samu.

Sai ya tambaye ni ko har yanzu ina zana gida uku a allo. Na ce ina zanawa. Ya yi dariya, ya ce ko na tuna nawa na ba shi. Na ce na manta, ƙarya nake yi.

Ya ce, “Shidda. To Mushe, in tambaye ku. Da na maida tsohona mugu cikin takardar nan, nawa za ku ba ni?”

Na so in kauce, amma na ga ya isa haka. Na ce sha huɗu, wataƙila sha biyar.

Ya gyaɗa kai, ya ja igiyar ragunansa. Ya ce, “To, gwamma shiddan.”

Yau shekaruna a aji sun yi yawa, kuma na gaji, gajiya irin wadda hutun ƙarshen shekara ba ya saukewa. Har yanzu ina jan layi biyun nan a allo, don masu gyaran jarrabawa su ma gida uku suke nema, kuma ba zan sa yaran mutane su faɗi saboda ni na yi nadama ba. Amma na daina sa aji amsa mini waccan magana, na kuma daina karanta takardar kowa a gaban aji, mai kyau ko maras kyau. In na zo gida na uku nakan gaya musu cewa yaran littafi sun ji daɗi, an ba su wanda za su yi fushi da shi. Wasu yaran kowa na gidansu yana ƙaunarsu, kowa yana cewa su tafi, kuma abin da ya ɗaure su ke nan. Yawanci sai su dube ni kamar Mushe ya fara tsufa, amma a kowace shekara akwai ɗaya ko biyu a baya da ke sunkuyar da kai, su nake bi in tambaya bayan an tashi.

Takardar tana nan cikin kwalin littattafaina, tunda bai taɓa kawo sabuwar ba balle in mayar masa. Sau ɗaya na ɗauko ta da jan biro a hannuna, da niyyar in soke shidan in rubuta abin da ya dace. Na daɗe ina kallonta, sannan na mayar da ita yadda take. Mai ita ya ce a bar masa shidansa.